Madam Dibora da Gyadar Gida

Ƙarfe bakwai da kwata keke ke sauke ta a bakin get. Ba da rabi ba, da kwata. Masu gadi sun daɗe da daina duba agogo, in sun hango laima mai ruwan toka da baƙar jakar nan da igiyarta ta sha ɗinki, sun san lokaci. Za ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wannan da Fulatanci, wancan da Hausa, na ukun da yaren Michika, ta tambayi mai tari yaya tarin ya kwana. Daga nan ta bi ƙarƙashin itatuwan darbejiya har ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, wanda aka rubuta wa Ofishin Bincike a ƙofa. Ta yaye tsohon zanin atamfa da take rufe kwamfuta da shi, ta ninke shi huɗu, ta sunkuyar da kai ta yi 'yar addu'arta. In akwai wuta ta kunna, in babu ta fara aikin da wayarta.

Abin da take nema kullum ɗaya ne, sanarwar tallafin bincike daga gidauniyoyin ƙasashen waje. In ta samu wadda ta dace da wani a cikinmu, ba ta aikawa a kira shi. Za ta buga ta a takarda, ta ja wa ranar rufewa layi da jan biro, ta tako da ƙafarta har ƙofar ofishinka.

"Dakta, wannan taka ce. Saura kwana arba'in."

Ƙarya take yi, saura arba'in da biyu. Duk malaman makarantarmu sun san Madam Dibora Kwaji tana cire kwana biyu ta ɓoye, domin ta san halinmu, ta san halin wutar Mubi, ta kuma san halin netwok. Mun sani, ta san mun sani, amma babu wanda ya taɓa yin ƙarfin halin ƙetare ranar da ta ja wa layi.

Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan zirga-zirga, kuma makon jiya ta ajiye aiki. Ta shigo tana taifis tun zamanin keken rubutu mai ƙara, ta fita tana sakatariya. A takardar gwamnati iyakarta ke nan. Ni Hammanjoda, malamin kimiyyar amfanin gona a wannan makaranta, na ce takardar ba ta faɗi rabin magana ba, shi ya sa na ɗauki biro. Kuma tun yanzu in gaya muku, a labarin nan ni ne mai laifi, don kada wani ya zata yabon kaina na zo yi.

Ku tambayi Malam Abdulƙadiri na sashen kiwon dabbobi. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo Mubi ta watse, kowa ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka, wasu ko takalmi babu. Da muka dawo bayan watanni, muka tarar an fasa ofisoshi, kwamfutoci sun tafi, takardu sun sha ruwa. Malam Abdulƙadiri ya zauna a dandamalin baranda ya haɗa kai da gwiwa, aikin digirinsa na shekara uku ya bi iska. Sai ga Madam ta iso, ta rame har ba mu gane ta da wuri ba. Ta kwance haɓar zaninta ta ciro 'yar filash ɗin nan ta ajiyar aikin kwamfuta, ƙarama kamar ɗan yatsa. Ashe ranar gudu, kafin ta nufi duwatsu da ƙafa, sai da ta biya ofis ta zare ta. Aikin mutum goma sha ɗaya ne a ciki, har da nawa. Malam Abdulƙadiri, ƙato mai gemu, ya fashe da kuka a gaban ɗalibai. Ita kuwa cewa ta yi, "Haba Malam, ai ba ta da nauyi."

Nawa aikin a kan gyada ne. Shekara shida ina sayen gyadar Vimtim da Bahuli da Gude ina aunawa. Abin da na gano a taƙaice shi ne, in aka shanya gyada a kan ƙasa bayan an cire ta, raɓa ko ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, fumfuna na shiga. Fumfunar tana barin guba a ciki, gubar da wuta ba ta kashewa, ko an soya ko an dafa. A hankali take cin hanta, kuma yara ta fi yi wa illa. Na rubuta wannan cikin shafi ɗari uku da sha biyu, aka sa masa baƙin bango da rubutun ruwan zinariya, aka ce mini Dakta, aka ci shinkafa. Littafin ya hau kantar littattafai ya zauna. Yaran Vimtim kuma suka ci gaba da shan kununsu na gyada kowace safiya kamar ban rubuta komai ba.

Wata Talata, shekara huɗu da suka wuce, Madam ta ƙwanƙwasa ƙofata da takarda. Wata gidauniya ce daga Turai. Suna son haɗin gwiwa mai ƙafa uku: mai bincike a nan, mai bincike a wata jami'a ta ƙasar waje, da kuma waɗanda suka kira masu amfani da ilimin. Sunan tallafin, in ka ɗauko ƙamus ka juya shi kai tsaye, fassarar ilimi zai ba ka.

Na ce, fassara? Ai ta zo gidan sauƙi! Garin da ɗan keke ma ke jin yare huɗu? Na zauna na tsara yadda za a fassara littafina zuwa Hausa da Fulatanci da Fali da Gude, a buga ƙananan littattafai masu hoto a raba. Na samu wata Farfesa Eva a wata jami'a can Turai, wadda ita ma gyada take nazari, ta amince ta sa suna. A gurbin masu amfani da ilimi kuwa na rubuta sunan wani ofishin gona a birni, wanda ban taɓa shiga ba. Na kai wa Madam ta buga.

Ta karanta a tsaye, ta ɗago kai.

"Dakta, wa zai karanta littattafan?"

"Manoma mana."

"Waɗanne?"

Raina ya ɓaci. Ina da digiri uku, ga taifis tana yi mini jarrabawa. Na ce, "Madam, ke dai ki buga kawai." Wallahi har yau in na tuna wannan kalma sai in ji kunya ta rufe ni. Madam ta zauna gaban kwamfuta. Ta buga, ta gyara mini kurakurai goma sha bakwai da jan bironta, ta tura.

Bayan wata huɗu amsa ta zo, layi uku. Sun ce ba sauya yare suke nufi ba. Abin da suke tambaya shi ne, ta yaya abin da aka gano zai tashi daga littafi ya shiga hannun masu aikin, har ya canza yadda suke yi. Suka ƙara da cewa shekara mai zuwa za a buɗe zagaye na ƙarshe, daga shi an rufe shirin. Na yi tsaki, na ce Turawa da iyayi, na jefa takardar a aljihun tebur.

Washegari Madam ta shigo ofishina, ta tura ƙofa, ta ja kujera ta zauna. A shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin ta zauna a ofishin wani malami ba.

"Dakta, ni na buga littafinka, sau biyu. Da na kai shafi na ɗari da tara, inda ka rubuta yadda ciwon ke farawa, sai na tashi na fita na zauna a gindin bishiya. Ba ka sani ba."

Na ce ban sani ba.

"Babana daga Michika ya sauko ya yi gona a Vimtim, can aka haife mu. Da kunun gyada aka yaye mu. Ina da ƙane, Matiyu, shi nake goyo. Yana da shekara talatin da ɗaya idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura. Asibiti suka ce hanta. Bai ga Kirsimeti ba." Ta murza murfin biro. "Ban ce gyada ce ba. Ban kuma ce ba ita ba ce. Amma saura mini shekara huɗu in bar aiki, kuma ba na so in tafi in bar littafin nan a kan kanta. Ranar Asabar ka shirya, za mu je Vimtim."

Ba tambayata ta yi ba, gaya mini ta yi.

Muka hau mashin biyu, lokacin ana tsakiyar cire gyada. Duk gidan da muka wuce, gyada ce shimfiɗe a tsakar gida a kan ƙasa, kaji na tattaka ta. Muka sauka gidan Mama Susana, tsohuwa mai ƙarfin murya, wadda ita ke shugabantar matan da ke noman gyada a unguwarsu. Mata kusan ashirin suka taru a inuwar mangwaro. Ni kuwa, don taurin kai, na zo da shafi biyu da na fassara zuwa Hausa da kaina, in nuna wa Madam cewa dabarata ma tana aiki. Na miƙe, na gyara hula, na karanta musu bayanin gurɓacewar amfanin gona sakamakon ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarai masu lahani. Da na gama suka tafa mini, mutanen kirki.

Mama Susana ta ce, "Ɗana, Hausan ka ya yi kyau sosai. Amma ban ji ba."

Matan suka kwashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na zauna.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta jawo faifai da kwanon ɓararriyar gyada da ke gefe, ta fara tsinta kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya. Masu ƙiba da haske gefe guda, waɗanda suka yamushe ko suka yi duhu gefe guda. Ta nuna tulin farko.

"Mama, wannan fa?"

"Na kasuwa."

"Wannan kuma?"

"Na gida mana, 'yar Kwaji. Kin manta ne don kin shiga ofis?"

"Me ake yi da na gida?"

"Kunu, miya. Yara ya sha."

Madam ta juyo ta dube ni. Sai na gane. Shekara shida ina sayen gyadar da nake aunawa a kasuwa. Wato wadda aka riga aka tsince, mai kyawun, ita na auna har na tsorata na rubuta littafi. Wadda ake dama wa yara kuwa ban taɓa ganin ta ba, ban ma san tana da suna ba. Kuma babu macen da ta ɓoye mini, ban tambaya ba ne kawai.

Sannan Madam ta juya harshe zuwa Fali, ta yi musu magana a hankali. Ban ji yaren ba, amma na ji sunan Matiyu, na kuma ga tsofaffin da suka san shi sun sunkuyar da kai. Ta ɗebo na gida a tafin hannu ta ce da Hausa, don ni ma in ji, "Dakta ya gano ciwo yana cikin wannan."

Mama Susana ce ta amsa, kuma da faɗa.

"To mu zubar? Shi zai ba jikoki na abinci? Mun yi noma, mun sha rana, wani ya zo da hula ya ce a zubar!"

Na buɗe baki zan kawo hujja, Madam ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Dakta, babu macen da za ta zubar da abinci don takarda ta ce. A hana shi lalacewa tun farko, shi ne maganar."

Nan na ciro zanen da ke bayan littafina, gadon shanya na ƙarfe da ragar waya, irin wanda na gani a littattafan waje. Mama Susana ta juya takardar sama da ƙasa, ta tambayi ina za a samu mai walda a gonarta. Wata ta ce in ya yi ƙasa akuya za ta gama da gyadar kafin azahar. Wata ta ce in ya yi sama kafaɗa za ta mutu wajen juyawa. Suka ture zanena gefe suka shiga musu a tsakaninsu, yare uku a lokaci guda, Madam tana tsakiya tana kai magana tana dawo da ita. Kafin la'asar an kafa gwafa huɗu, an gitta sanduna, an jera kara, an shimfiɗa tsohon buhu da aka farke. Tsayinsa daidai ƙirjin Mama Susana, don ita aka auna. In hadari ya taso, mutum biyu su kama bakin buhu su shige ɗaki. Abin da na ƙara kawai shi ne a bar tazara tsakanin karan don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, kuma suka yarda da wannan.

A hanyar dawowa na tsayar da masu mashin a bakin mayo, wato rafi, na sauka na ce, "Madam, ki yafe mini abin da na ce ranar nan."

Ta ce, "Wanne daga ciki, Dakta?"

Ke ce kaɗai za ki iya yi mini haka in yi dariya, Madam. Ke ce kika san cewa fassarar da ake nema ba daga Turanci zuwa Hausa ba ce, daga kanta ce zuwa tsakar gida, kuma daga tsakar gida ta dawo ta gyara mai littafin. Kin san haka tun ranar da kika ce wa zai karanta. Kin bar ni na faɗi don kin san in ba faɗuwa na yi ba, ba zan hau mashin ba.

Da aka buɗe zagaye na ƙarshe muka sake zama. Wannan karo ba ni kaɗai na rubuta ba. Duk sakin layin da na kawo, sai ta karanta ta ce, "In Mama Susana ta ji wannan, me za ta yi da safe?" In ba ni da amsa, jan biro ya bi ta kai. Da muka zo gurbin masu amfani da ilimi, ta ce a sa Susana da ƙungiyarta, ba a matsayin waɗanda za a taimaka wa ba, a matsayin abokan aiki, sunanta kusa da nawa.

Na ce, "Madam, fom ɗin yana neman takardar tarihin aiki ta kowane abokin aiki. Makarantun da ya yi, muƙaman da ya riƙe, abin da ya wallafa. Matar nan ko sunanta ba ta rubutawa."

Ta ce, "A ba ni Asabar ɗaya."

Ran Litinin ta ajiye mini shafi guda a tebur, an buga shi tsaf kamar na kowane farfesa. Suna, Susana ta Vimtim. Makaranta, gonar mahaifiyarta, tun tana shekara bakwai. Ƙwarewa, damina hamsin da ɗaya a noman gyada, zaɓen iri, shanya, ajiya da matsar mai. Muƙami, shugabar mata arba'in da uku. Waɗanda ta horar, 'ya'ya mata biyar, surukai huɗu, da maƙwabtan da ba ta ƙirga ba. Harsuna, huɗu. Wallafa, babu. A ƙasa ga dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada. Na karanta sau biyu, na tuna tawa takardar mai shafi tara.

Farfesa Eva ta nemi ta ga abokan aikin nata kafin ta sa hannu. Muka koma Vimtim da rana tsaka, muka hau wani ɗan tudu bayan coci inda netwok ke kamawa, Madam ta riƙe waya. Baturiya na tambaya, Madam na juyawa, Mama Susana na amsawa tana nuna gadon shanya da sanda. Har ta tambayi Farfesa ko su ma a can suna da na gida da na kasuwa. Farfesa ta yi dariya ta ce suna da shi, sai dai ba su sa masa suna ba. Can ƙarshe ta ce, wannan matar da ke riƙe da waya fa, wace ce? Ta ce ita ce ke ɗauke da aikin nan gaba ɗaya, a sa sunanta a fom.

Na yi murna, na ce ai kuwa dole. Da muka koma ofis Madam ta buɗe fom ɗin ta nuna mini da biro. Gurbi uku ne: mai bincike na gida, mai bincike na waje, mai amfani da ilimi.

"Babu gurbin taifis, Dakta. Kada mu ɓata fom, wannan ne na ƙarshe."

Na yi musu, na yi fushi, na ce zan rubuta wa gidauniyar. Ta ce in rubuta bayan an ba mu. Ranar da na ɗauka ita ce ranar rufewa, wuta ta ɗauke tun safe, janareto ya ƙi tashi, na shigo ofishinta a guje ina gumi. Na tarar tana shan shayi.

"Na tura tun jiya. Kuma ma saura kwana biyu."

Aka ba mu. Ba zan cika ku da bayanin abin da ya biyo baya ba. Kaka uku muka yi muna aiki. Matan Mama Susana suka riƙa zuwa unguwa-unguwa suna kafa gwafa da hannunsu, babu allo babu lacca, kuma duk Asabar Madam tana bayan mashin da laimarta, ranar hutunta. Wannan karo gyadar gida na riƙa aunawa, daga cikin tukunyar da ake ɗiba a dama kunu. Ban ce an gama ba, har yanzu akwai gidajen da ke shanya a ƙasa. Amma a gidajen da suka kafa gadon, abin da nake gani a awo ya sauka ƙwarai, kuma tulin da ake warewa gefe ya ragu har ya zama ba a jin zafin binne shi. Aka wallafa rahoto da sunana da na Farfesa Eva da na Susana. Sunan Madam yana can shafin godiya, layi ɗaya, shi ma sai da na tsaya a kanta don kada ta goge, tunda ita ke bugawa.

Bara ina cikin kasuwar Mubi ina taya gyada, mai sayarwa ta ƙi ragi. Ta ce, "Alhaji, wannan na kan dibora ne fa, bai taɓa ƙasa ba." Na ce na kan me? Ta dube ni kamar baƙauye, ta kwatanta mini da hannu: gwafa huɗu, kara, buhu. Ashe tun kakar farko matan Vimtim suke ce wa abin gadon Dibora, da sunan ya yi nisa sai kalmar gadon ta faɗi a hanya. Na saya ba tare da ragi ba, na kuma riƙe bakina ban gaya wa Madam ba.

Alhamis ɗin da ta wuce aka yi mata walimar ban kwana a ƙaramin ɗakin taro. An yi jawabai, an ba ta agogon bango, matar da ba ta taɓa makara ba. Ana cikin haka sai ga Mama Susana ta shigo da mata kusan talatin, na Vimtim da na Bahuli, wasu da ɗankwalin zumuntar coci, wasu da hijabi, suka cika bayan ɗaki. A cikinsu akwai wata Nafisatu daga Bahuli, matashiya da goyo, wadda wajen maƙwabciyarta ta koyi kafa gadon, an dai ce mata a zo a gode wa wata ma'aikaciya. Da mai gabatarwa ya ce Madam Dibora Kwaji ta taso, sai muryar Nafisatu ta fito sarai, ba ta san za a ji ba.

"La! Ashe dibora mutum ce?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Madam ta tsaya tana waige-waige, ba ta gane ba, sai da Malam Abdulƙadiri ya raɗa mata a kunne. Ta rufe baki da hannu.

Mama Susana ta tako gaba da kwano a rufe da faifai. Ba ta karɓi lasifika ba, ba ta buƙatarta.

"'Yar Kwaji, ba mu da agogo. Ga wannan. Na gida ne."

Na ga wasu malamai sun haɗa ido, su a ganinsu tsarabar ƙauye ce kawai. Madam ta ɗaga faifan. Ta sa yatsa ta fara tonawa, tana juya gyadar a hankali kamar yadda take bin shafi da jan biro tana neman kuskure. Ta tona har ƙasan kwano. Babu yamusasshiya ko ɗaya, babu mai duhu ko ɗaya.

"Mama, an tsince ne?"

"Ba a tsince ba. Daga tukunyan kunu na ɗebo da safe. Shi jikoki na ya sha kafin in fito."

Madam ta rungume kwanon a ƙirji, ta zauna a kujerar da ke kusa, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da muka dawo daga gudu. Ina kusa da ita, na ji abin da ta faɗa ƙasa-ƙasa. Sunan ƙanenta ta kira. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa hawayen ba, duk da ɗalibaina na kallo.

Madam Dibora, mai jan biro, mai ɓoye kwana biyu, na gode. Malam Abdulƙadiri ya gode, da mu goma da muka fito daga haɓar zaninki. Ke ce kika sauko da littafina daga kanta, kika kai shi inda ya kamata ya je tun farko. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa ki ga jikokin jikoki. Useko, Madam, ga godiya har da Fulatanci.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, masu baƙaƙen littattafai a kan kanta, akwai irinta a ƙarshen barandarku, tana buga abin da kuka rubuta, kuma tana karantawa. In ta ɗago kai ta yi muku tambaya, kada ku ce ta buga kawai. Ku ja mata kujera. Matasan da ke shigowa aikin ofis kuma, ku je ku gaishe ta ku ga yadda ake yi, gidanta ba ya ɓata, akwai gwafa huɗu a tsakar gidan.

Jiya Litinin na iso get ƙarfe bakwai da kwata, ban san dalili ba. Mai gadi ya dube ni, ya dubi hanya, sannan ya ɗaga hannu ya duba agogonsa.